Wai Amurka da Ingila aminai ne, ko dai patoro da aparantinshi?

Ɗan Bukoki:

Salamu alaikum mutanen gida, ina wuninku, ya zafi? Don Allah wata tambaya gare ni, manyanmu masu bin labarun duniya su taimaka. Jiya da dare a fadarmu wuta ta tafi tun bayan isha'i, muna zaune waje ana jiran shayi na biyu, sai wani abokinmu mai gyaran telefon a bakin Babbar Kasuwa ya ce shi fa ya lura duk inda Amurka ta ɗaga bindiga, in ka waiga baya Ingila za ka gani riƙe da jakar harsashi, Iraƙi haka, Afganistan haka, Libiya haka, har Yaman da suka je suna jefa ma bam tare a farkon 2024. Ya ce wannan ba abota ba ce, patoro ne da aparantinshi. Sai ɗayan abokin namu da ke karatun Ingilishi a Harobanda ya yi tsalle ya ce ƙarya ne, ƴan uwan juna ne, harshe ɗaya jini ɗaya, shawara suke yi kafin su yi komi. Musu ya yi musu har mai shayi ya manta barada bisa wuta ta ƙafe, aka watse ba a sha na uku ba.

Ni lissafi nake karanta, ban san kan abin ba, amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne a lakwal an koya mana Ingila ce ta yi ma Amurka mulkin mallaka, sai da aka yi yaƙi kafin su rabu a 1776, kuma wai Faransa ce ma ta taimaki Amurkawan. To yaya aka yi wanda ya mallake ka jiya ya dawo yau shi ke bin bayanka? Akwai wata takarda ce da suka sa ma hannu? In harshe ne, ai Najeriya da Gana ma Ingilishin suke yi. Kuma sun taɓa ƙin juna kuwa, wato ɗaya ya ce ma ɗaya a'a ba ni zuwa?

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam ɗana. Shekara 31 na yi ina koyar da istuwar-jewo kafin in aje alli, donk ka yi haƙuri in zancen ya yi tsawo, ciwon tsofaffin malamai kenan.

Da farko abin da aka koya maka daidai ne, har ma an rage maka. Bayan rabuwarsu sun sake gwabzawa a yaƙin 1812, kuma a 1814 sojan Ingila sun shiga Washinton sun cinna ma fadar shugaban ƙasa wuta. Donk maganar jini ɗaya ba ta hana su kashe juna ba. Abin da ya haɗa su yaƙin duniya na biyu ne, kuma ka lura da yadda aka fara, don nan ne duk amsarka take. A 1940 Jamus ta cinye Faransa, Ingila ta rage ita da ƙasashen da take mulka, jiragen ruwanta ana ta nutsar da su. Faraministan Ingila Churchill ya roƙi shugaban Amurka Roosevelt, Roosevelt ya ba shi tsofaffin jiragen yaƙi 50, amma ba kyauta ba, Ingila ta ba Amurka filayen kafa sansani a tsibiranta na tsawon shekara 99. Ka ga tun ranar farko ciniki ne, mai buƙata da mai abu. Da aka gama yaƙi Ingila ta fito da nasara amma aljihu wayam, sai ta ci bashin dala miliyar 3.75 wajen Amurka a 1946, kuma ka san yaushe ta gama biya? Disamba 2006. Shekara 60 kenan, yaran da aka haifa ranar da aka ci bashin sun yi jikoki kafin a rufe littafi.

A wannan shekarar ta 1946 ne Churchill, lokacin ma ya faɗi zaɓe ba shi ke mulki ba, ya yi jawabi a wani ƙaramin gari Fulton cikin jihar Misuri inda ya yayata kalmar da suke ta maimaitawa har yau, wai dangantaka ta musamman. Shi dama uwarshi Ba'amurkiya ce haifaffiyar Niyok. Kuma in ka kula, Ingilawa sun fi Amurkawa yawan faɗin kalmar nan, kamar dai talakan dangi da kullum shi ke tuna ma mutane cewa Alhaji wane ɗan wan babanshi ne.

Amma in kana son ranar da aka san wane ne babba, 1956 ce, rikicin Suwez. Nasser na Masar ya ƙwace mashigin ruwan a watan Yuli ya ce na ƴan ƙasa ne. Ingila da Faransa da Isra'ila suka ƙulla a ɓoye suka afka mashi ƙarshen Oktoba, ba su gaya ma shugaban Amurka Eisenhower ba, ga shi yana tsakiyar zaɓe. Mutumin bai harba ko harsashi ɗaya ba. Kuɗin Ingila, fam, ya kama zubewa, suka ruga neman rance wajen FMI, asusun ba da lamuni na duniya, Amurka ta tare ƙofa ta ce sai kun janye. Cikin ƴan kwanaki aka tsaida wuta, faraminista Eden ya aje aiki a Janairun 1957. Ina gaya ma ɗalibaina kullum, mari ɗaya aka yi ma mutum biyu, kowa ya koma gida da karatu daban. Faransa ta ce daga yau ba ni ƙara dogara ga Amurka, ta je ta yi bam ɗinta na nukiliya ta gwada shi a 1960 a Reggan, nan arewa da mu cikin saharar Aljeriya, sannan shugabanta De Gaulle ya fidda sojanshi daga ƙarƙashin kumandan ƙawancen tsaro na OTAN a 1966 ya sallami sansanonin Amurka. Ita kuwa Ingila ta ce daga yau ba ni ƙara yin wani babban abu ba tare da Amurka ba. Shi ya sa De Gaulle ya hana ta shiga kasuwar Turai har sau biyu, 1963 da 1967, yana ganin in ta shigo to Amurka ce ta shigo da rigar wani.

Takarda kuwa akwai, ba ma ɗaya ba. Wadda ta fi nauyi ita ce ta 1958 kan makaman nukiliya. Yau Ingila tana da jiragen ƙarƙashin teku 4 a Faslen cikin Sikotlan masu ɗauke da makamai masu linzami Trident. Jiragen nata ne, kan bam ɗin ita ke haɗawa, amma su masu linzamin daga rumbu ɗaya suke fitowa da na Amurka, a jihar Jojiya, can ake kai su gyara. Suna cewa faraminista shi kaɗai ke da ikon ba da umurnin harbawa, to mun ji, amma wanda garejin motarshi ke cikin gidan wani ba ya zagin mai gidan da ƙarfi. Kowa ya ci ladan kuturu ai ka san sauran.

Kabu-kabu 227:

Hhhh Mushe Allah ya ƙara lafiya, duk wannan dogon karatu ai abin da mai gyaran telefon ya faɗa ne cikin kalma biyu. Aparanti ne walahi. Ni da na yi shekara 4 ina aparanti a layin Yamai zuwa Gaya na san abin, patoro na gaba yana shan iska kai kana bisa kaya, in an zo bariyar kai ke sauka da takardu, in taya ta fashe kai ke shiga ƙarƙashi, amma in an shiga gari kai ma sai ka riƙa taƙama kana cewa motarmu. Wala.

Ƴar Akokan:

Sannunku. Baba Mushe ka gafarce ni in ɗan ƙara wani abu, don mamaki nake yadda ƴan Nijar za su yi wannan zance ba a ambaci abin da ya shafe mu kai tsaye ba, ko don yaran yanzu ba a haife su ba lokacin.

A 2003 ina lise. Babanmu Allah ya jiƙanshi direban kamiyo ne, shekaru ya yi yana ɗaukar kaya tsakanin Arlit da kudu, kuma mutum ne da ba ya rabuwa da rediyo, ko alwala yake tana gefenshi. Wata safiya sai muka ji sunan Nijar a bakin kowace tasha, wai Saddam na Iraƙi ya nemi sayen iraniyom wajenmu, har ana maganar tan 500. Ban manta ba, baba ya aje kofin kunu ya yi dariya har da tari, ya ce waɗannan mutane sun ɗauka goro ne da za a sa a aljihu? Ya ce ko kowace kamiyo ta ɗauki tan 25 ai kamiyo 20 kenan, cikin tono-tono masu lamba, da rakiyar soja, su bi Agadas su bi Tawa su bi Doso su tsallaka Gaya har Paraku a ɗora ma jirgin ƙasa zuwa Kwatano, kuma ma'adinan biyu na Arlit da Akokan duk Faransawa ne ke riƙe da lissafinsu, ta ina za a bi da su ba wanda ya gani?

Abin da na fahimta daga baya da na girma na bi labarin shi ne ya sa nake ganin aparanti ma bai isa ya bayyana abin ba. Tun Fabarairun 2002 hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta aiko wani tsohon jami'in diflomasiyyarsu Joseph Wilson nan Yamai, mutumin da ya taɓa aiki a nan tun shekarun 1970, shi da kanshi ya rubuta cewa kwana 8 ya yi yana shan shayi yana ganawa da mutane, ya koma ya ce masu abin nan da wuya ya faru. Su kansu ƴan leƙen asirin Amurka ba su natsu da labarin ba, har sun sa an cire shi daga wani jawabin shugaba Bush a Oktoban 2002. Amma gwamnatin Blair, faraministan Ingila, ta riga ta sa shi cikin dosiyenta na Satumban 2002 kan makaman Iraƙi. To sai me aka yi? Ranar 28 ga Janairun 2003 Bush ya tsaya gaban majalisarsu, bai ce mun gano ba, cewa ya yi gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi iraniyom mai yawa daga Afirka. Kun ga dabarar? Abin da bakinka ke jin nauyin faɗa sai ka ce wane ne ya gaya mini. Amfanin Ingila kenan gare su, ba yawan soja ba, shaida. In Amurka ta tafi ita kaɗai a ce ɗan daba, in Ingila na gefe sai a ce ƙawance.

Takardun kuma da aka ce hujja ne, da aka miƙa ma hukumar nukiliya ta duniya ba ta daɗe ba ta gane na jabu ne, shugabanta ElBaradei ya faɗa gaban kwamitin sulhu ranar 7 ga Maris 2003. Abin dariya abin haushi, wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 an sa mata hannun Allele Elhaji Habibu a matsayin ministan harakokin waje, alhali mutumin ya bar kujerar tun 1989. Duk wani tsohon ma'aikaci a Yamai da an nuna mashi zai gane. Duk da haka ba a yi sati biyu ba aka fara yaƙin Iraƙi. Kuma Ingila ba ta janye maganarta ba, binciken Butler da gwamnatinta ta sa aka yi a 2004 ya ce wai suna da wasu bayanan daban, suna dogara da ziyarar da wani jakadan Iraƙi ya kawo Yamai a 1999 zamanin Ba'are.

Da rahoton Chilcot, binciken da Ingila ta yi kan yaƙin Iraƙi, ya fito a 2016 aka ga wasiƙar da Blair ya aika ma Bush tun Yulin 2002, wata 8 kafin yaƙi, yana ce mashi ina tare da kai ko mi ake ciki. Mutane wajen miliyan sun fito titi a Landan ranar 15 ga Fabarairun 2003 suna cewa ba su so, ministanshi Robin Cook ya aje aiki, shugaban Faransa Chirac ya ce zai hau kujerar na ƙi a kwamitin sulhu, duk bai hana ba. Sojan Ingila 179 suka mutu can, Iraƙawa kuwa Allah kaɗai ya san adadi. Mu kuma har yau ban ji wanda ya zo ya ce ma Nijar yi haƙuri mun ɓata maki suna ba.

Ɗan Bukoki:

Kai! Anti walahi ban taɓa jin wannan ba, 2003 ko tafiya ban fara ba. Na gode ƙwarai. To amma Baba Mushe har yanzu tambayata ta ƙarshe tana nan, tun daga Suwez ɗin shikenan Ingila ba ta ƙara cewa a'a ba?

Na Harobanda:

To ni ne dai wanda ake ta kai ƙara, mai karatun Ingilishin, an turo mini zancen a WhatsApp. Na yarda maganar jini ɗaya na yi zafin baki, amma ku ma kun yi son kai, kun lissafa abin da Ingila ke biya ba ku lissafa abin da take karɓa ba. A 1982 da Ajantina ta kama tsibiran Fokland, ai yaƙin Ingila ne ba na Amurka ba, kuma Ajantina ƙawar Amurka ce a lokacin, shugaban Amurka Reagan ya ɗan yi jan ƙafa da farko yana neman sulhu amma daga baya wa ya ba faraminista Thatcher man jirage da makamai masu linzami da bayanan sirri? Wane patoro ne ke shiga ƙarƙashin mota don aparanti? Kuma ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan 70 da ke zaune a kujerar dindindin ta kwamitin sulhu, tana ganin sirrin da Jamus da Japan ba su gani, ba ta kashe kuɗin da Faransa ta kashe wajen ƙera masu linzaminta daga tushe, wannan ba wauta ba ce lissafi ne. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. In biyayya ce zalla mi ya sa dokokinsu na cikin gida ba su kama da juna ko kaɗan? Ingila likita kyauta ne tun 1948, Amurka in ba ka da inshora ka shiga uku. Ingila ta daina hukuncin kisa kan laifin kisan kai tun 1965, Amurka har gobe wasu jihohi suna yi. Ingila ta hana ƙaramar bindiga a 1997 bayan an kashe yara a wata lakwal a Dunblen, Amurka kuwa kun dai sani.

Ɗan Ader:

Assalamu alaikum, daga Tawa nike. Ni ban yi lakwal mai nisa ba, kassuwa ta ta yi ni, amma ina da abin hwaɗi. Yaro na Harobanda ka yi magana mai kyau, sai dai wanga zomo naka duk sadda giwa za ta sha ruwa shina nan gehe.

Ni shekara 6 na yi Sabha cikin Libiya, awa dubban Adarawa, ina aikin gini ina aiko ma gida. 2011 munka hito da abin da ke jikinmu, bisa wata babbar mota mun hi mutum 100, ta Dirku har Agadas, kuɗɗin aikin wata huɗu na bar su can wajen mai gidan da ni ma ban san inda ya tcere ba. Wanga yaƙi na Libiya Faransa da Ingila sunka ja gaba, Amurka na baya tana ba su mai da bayani, donk wani lokaci ma ba Amurka ka jan Ingila ba, su duka ukku na. Kuma abin da ya biyo baya mu munka gane shi, makamman da sunka watsu cikin sahara, 2012 Mali ta kama. Tun 1986 ma da Reagan ya jefa ma Tarabulus bam, jiragen daga sansanin Ingila sunka tashi, Faransa ta hana su bi ta samanta sai da sunka yi zagaye. Tsohhin da munka iske Libiya ba su mance wannan ba.

Amma ni inda nike ganin gaskiyar zumunci wajen kuɗɗi na, don mu ƴan kassuwa mun san ɗan uwa sai an zo awo. Ingila ta hita daga tarayyar Turai, an yi ƙuri'a 2016 an hita Janairun 2020, masu son hita suna ta hwaɗin ai ga babban wanmu can zai buɗe muna kassuwa tai. Obama tun kahin ƙuri'a ya ce masu in kun hita ƙarshen layi za ku kama, sunka ji haushi. To Trump ya zo ya tahi, Biden ya zo ya tahi, babbar yarjejeniyar ba ta samu ba. Da Trump ya dawo ya sa ma kayan duniya laduwan a 2025, Ingila ma an sa mata kashi 10, ɗan sauƙin da ta samu kan motoci da wasu kaya shi anka yi ta ma ganga. Sau biyu gidan sarauta na yi mai tarba ta ƙasaita, 2019 da 2025, da dawaki da kakaki irin nasu, amma a 2025 ɗin kashi 10 bai tashi ba. Nan Ƙonni ma in ka je ga ɗan uwanka na Illela zai ba ka hura ka sha, amma canjin naira ba ya rage maka ko dala.

Tsohon Mushe:

Alhaji na Tawa sannu da wahala, Allah ya maida alheri. Na Harobanda, ɗana, ba ka yi ƙarya ba, kuma na ji daɗi da ka kawo 1982. Sai dai ka ƙara shekara ɗaya bisa kai, 1983 Reagan ya aika soja tsibirin Girenada, ƙasar da sarauniyar Ingila ce shugabarta a takarda, Thatcher ta ce kar a yi, aka yi, daga baya ya bugo waya yana ba ta haƙuri. Donk taimako akwai, amma shawarar da kake cewa ana yi, wani lokaci sanarwa ce kawai.

Ɗan Bukoki, e sun ce a'a, ba sau ɗaya ba. Mafi girma Biyetnam, shugaban Amurka Johnson ya matsa ma faraminista Harold Wilson ya aiko ko da ƴan soja kaɗan ne don a ga tutar Ingila, Wilson ya ƙi har aka gama, alhali Ostiraliya ta aika. Ka ga wannan ya ƙarfafa maganar ƴata ta Akokan, tutar ake so. A Agustan 2013 faraminista Cameron ya nemi majalisa ta yarda a kai ma Siriya hari tare da Obama, aka kada shi da ƙuri'a 285 bisa 272, ciwon Iraƙi bai warke ba, kuma Obama kanshi ya ja baya bayan haka. Trump ya fita daga yarjejeniyar nukiliyar Iran a 2018 Ingila ta tsaya ciki, ya maida ambasad ɗinshi Ƙudus tata tana Tel Abib, kuma a Satumban 2025 ta amince da ƙasar Falasɗinu Amurka ba ta so ba.

Amma ni abin da nake so ku riƙe, duk waɗannan saɓani na sama ne, na shugabanni, su kuwa zuwa suke su wuce. Akwai abin da ke ƙasa kamar tiyon ruwa da aka binne, ko masu gida sun yi faɗa ruwa na gudu. Tun 1946 suka sa hannu kan raba bayanan sauraren wayoyi da saƙonni, daga baya Kanada da Ostiraliya da Niyu Zilan suka shigo aka koma kiran su Idanu Biyar, kuma shekaru da dama ko amsa cewa takardar tana nan ba su yi, sai da Snowden, wani tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fasa ƙwai a 2013 talaka ya san girman abin. Jiragen yaƙin Amurka suna zaune a Lakenhit cikin Ingila har yau. Tsibirin Diyego Garsiya a tekun Indiya, Ingila ta yanke shi daga Moris a 1965, ta kwashe mutanen wurin kaf tsakanin 1968 da 1973 don Amurka ta yi sansani, kotun duniya ta ce a 2019 ba bisa ƙa'ida aka yi ba, da aka zo sa hannu da Moris kan maida mata tsibirin a 2025 kuma sai da aka keɓe sansanin na shekara 99. A 2020 Amurka ta matsa Ingila ta kori kamfanin Sin Huawei daga sabon layin telefon ɗinta bayan ta riga ta ce ta yarda da su. A 2021 su biyu suka haɗa kai da Ostiraliya aka yi ƙawancen tsaro na AUKUS, aka soke cinikin jiragen ƙarƙashin teku na Faransa ba sallama, Macron ya kira jakadunshi daga Washinton da Kanbera, na Landan kuwa ya bar shi, kuma mutanen Pari ba su ɓoye dalili ba, a ganinsu ba a tsayawa faɗa da ɗan rakiya.

Maganar harshe kuma, yana sauƙaƙa zance amma ba shi ne igiyar ba. Ga Ailan nan maƙwabciyar Ingila, Ingilishi suke yi, jikokinsu sun cika Amurka har sun yi shugabanni irin su Kennedy, amma ba ta cikin OTAN ba ta cikin Idanu Biyar. Ka kwatanta da mu, a Maris 2024 aka ce ma Amurka ta kwashe sojanta wajen 1,000, kafin ƙarshen Satumba sun bar Yamai sun bar Agadas, don abin da ke tsakaninmu fili ne da takarda ɗaya. Wanda zai yi haka a Landan sai ya fara tunanin ina zai kai masu linzaminshi gyara, da kuma wa zai riƙa gaya mashi abin da ake ƙullawa a Mosko.

Kabu-kabu 227:

To Mushe yanzu wa ya ci musun, mai telefon ko na Harobanda? Don a san wanda zai sayi sukari da gawayi yau.

Na Harobanda:

Ni dai ban faɗi ba, Biyetnam da Siriya sun ishe ni hujja. Amma maganar Diyego Garsiya ban san ta ba, zan duba.

Tsohon Mushe:

Su raba, ɗaya sukari ɗaya gawayi. Ɗan Bukoki ka gyara wani abu kafin ka koma fada, 1776 shelar ƴanci ce kawai, Ingila ba ta amince ba sai 1783, kuma a Pari aka sa hannun. Telefon ɗina saura kashi 4 kuma wutar unguwarmu ba ta dawo ba, sai da safenku.